Turaku Huɗu a Bakin Teku

Ni dai baki ne ya yanka mini wuya, ba wani ba. In ba haka ba, me ya haɗa direban da ke kwana a ɗakin mutum shida a Abu Hamour da mallakar fili a bakin teku?

Shekarata biyar a Doha a lokacin, ina tuƙa wani dattijon Balarabe. Shi ne kafil ɗina, wato da sunansa nake zaune a ƙasar, ni kuwa maigida nake ce masa. Mutanen nan suna da wata al'ada: da zarar zafin nan nasu mai gasa ƙwaƙwalwa ya sauka, sai su fita bayan gari su kafa zango a cikin rairayi, su yi watannin sanyi suna zuwa hutun ƙarshen mako. Kowa da karaban ɗinsa, wani ɗaki mai tayoyi da ake ja da mota, da gado da banɗaki da ɗan wurin girki a ciki. Hukuma ce ke ba da izinin wurin, ɗan ƙasa kaɗai take ba, kuma na 'yan watannin ne kawai. Lokaci na cika kowa zai kwashe komatsansa ya share wurin tas, ko ƙusa ba a yarda a bari ba. Na san wannan sarai, domin ni nake jan karaban in kai, ni nake komawa in jawo. Ina faɗa ne tun yanzu don kada wani mai tausayi ya ce ai yaudarata aka yi, ko ban san doka ba. Wallahi na sani.

A shekarar maigida ya yi sabon karaban, tsohon kuma ya ce a kai wa masu gwangwan. Na ce ya sayar mini. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya tambaye ni ko aure zan ƙara, sannan ya karɓi ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Ya ce in kafa shi a gefen zangonsa, bayan tankin ruwa, in zafi ya dawo kuma in ajiye a gonarsa. Na wanke shi, na liƙe inda yake yoyo, na shimfiɗa darduma. Da na tsaya na dube shi, ga teku shuɗi a bayansa, sai kaina ya kumbura. Na ciro waya na kira Baba a Jos ta bidiyo.

Baba birkila ne. Shekara arba'in yana gina wa mutane gidaje, shi kuwa har yau ɗaki biyu yake haya. Bai taɓa goranta mini cewa 'ya'yan maƙwabta sun sayi filaye ba, ko sau ɗaya. Sai dai in labarin ya zo ya ce Allah ya sanya alheri, ya yi shiru, ni kuma shirun nan ya fi zagi ci mini rai. Ga ciwon gwiwa da siminti ya bar masa. In sanyin Jos ya kankama, a zaune yake salla, wani lokacin ma masallacin ƙofar gida gagararsa yake.

Na juya masa waya yana kallo, na nuna masa gado, na nuna masa famfo, na nuna masa teku. Ya yi ta mashaAllah. Can sai ya yi tambayar da kowane birkila zai yi.

"To filin fa, na wane ne?"

"Nawa ne, Baba. Na saya. Na dindindin ne."

Haka kawai maganar ta fito, ko tuntuɓe harshena bai yi ba. Baba ya cire hularsa ya ajiye a gwiwa, abin da ban taɓa gani ya yi a gaban waya ba, ya yi hamdala, sannan ya ƙwala wa Inna kira ta zo ta gani. Kafin azahar ɗin washegari unguwa ta ɗauka. Ƙanwata ta turo mini saƙo cewa liman ma ya sa albarka bayan sallar asuba.

Mai hankali da nan zai tsaya ya gyara. Ni kuwa daɗin yabon ya ɗebe ni, na ƙara da cewa ai saboda shi na saya, ya riƙa zuwa duk shekara yana cin sanyinsa a nan, inda rana ke da ɗumi, gwiwa ta huta. Lissafina shi ne mutumin da bai taɓa hawa jirgi ba zai ce Allah ya yi albarka, ya bar zancen. Sai ya ce to, yaushe? Abin da baki ya ɗaure, hannu ba ya kwancewa. Na je wa maigida da fuskar tausayi na ce mahaifina ba shi da lafiya, shi kuma bawan Allah ya tsaya tsayin daka har takardar ziyara ta fito.

Ranar da na ɗauko Baba a filin jirgi, jakarsa ta yi mini nauyi. Na buɗe a mota, ban da kilishi da yajin da Inna ta daka, sai ga cokalin gininsa da igiyar awo a naɗe cikin tsohon rawani. Na ce haba Baba, hutu aka ce ka zo, ba kwangila ba. Ya ce birkila ba ya tafiya ba cokali. Na yi dariya.

Gaskiya wurin ya karɓe shi. Ba wai babu sanyi ba ne, da asuba akwai shi, amma karaban na da abin ɗumama ɗaki, kuma hantsi na yi rairayi ya ɗau zafi. Baba ya gano wa kansa magani: ya tona rami ya miƙe ƙafafu ya binne su har cinya, ya zauna da carbinsa yana kallon ruwa. Cikin mako biyu na dawo daga gari wata la'asar na tarar da shi yana salla a tsaye, yana ruku'u yana sujada, abin da ya yi shekara uku bai yi ba a lokacin sanyi. Na laɓe a bayan mota ina kallonsa, hawaye ya zo mini. Har na ce wa kaina, to in ƙaryar ce ta kawo wannan, Allah ya yafe mana.

Ranakun aiki ina gari, daga kai uwargida asibiti a Al-Sadd sai cefane, sai yamma nake komowa. Baba na zango shi da mai gadi, wani ɗan Indiya da ba sa jin yaren juna sai dai murmushi da shayi. Ranar Alhamis iyalin maigida ke zuwa. A zuwansu na farko maigida ya aika a kira Baba shan gahawa a babbar rumfa, ni ne tafinta. Baba ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya zauna, ya ce in gaya wa Alhaji ya gode da ya sayar wa ɗansa gefen filinsa, domin ba kowa ke yarda baƙo ya raɓe shi ba. Na juya na ce wa maigida Baba na godiya da takardar ziyara. Maigida ya dafa ƙirji ya ce ba komai, baƙonsa ne har ranar da za a tashi zango. Na juya na ce wa Baba, wai Allah ya sa a daɗe ana maƙwabtaka. Duka biyun suka yi murmushi suka gyaɗa kai.

Daga nan Baba ya taso ni da zancen iyaka. Ya ce ya zagaya bai ga turke ko ɗaya ba. Ya ce fili ba turke filin kowa ne, shi da idonsa ya ga 'yan uwa ciki ɗaya sun daina gaisawa a kan taku biyu. Yau Alhaji mutumin kirki ne, gobe 'ya'yansa fa? Ya tambayi takarda, na ce tana ofis. Ya ce in nuna masa daga ina zuwa ina. Don ya ƙyale ni sai na ɗaga hannu na yi nuni haka kawai, daga wancan ɗan kurmin ciyawa zuwa tankin ruwa, daga tanki zuwa inda tayar mota ta yi sawu. Ya bi ya taka da ƙafarsa yana ƙirge a zuci. Sai ya ce in kawo masa siminti buhu ɗaya.

Na ce gobe. Gobe ta yi na ce jibi. Ran nan na dawo a gajiye, cunkoson hanya ya cinye ni, ko takalmi ban cire ba ya sake tayar da zancen. Ni dama zuciyata a kusa take. Na ce masa don Allah Baba ya bar ni in huta, nan ba Jos ba ne, ba a yin abu da ka. Ya dube ni, ya ce to, Allah ya huci zuciyar maigida. Maigida fa ya ce mini, ni ɗansa. Bai sake yi mini maganar siminti ba, ni kuma wauta ta sa na ɗauka an wuce wurin.

Ashe akwai mai tankar da ke kawo mana ruwa, wani mutumin Zangon Kumasi a Ghana, mai Hausa irin tasu. Duk zuwansa sai ya zauna hira da Baba. Shi ne Baba ya roƙa simintin, shi kuma ganin dattijo ya ɗauka ɗan gyara ne za a yi a cikin karaban, ya kawo masa buhu guda har da guntayen rodi. Mai gadi da ya ga tsoho na kwaɓa siminti, ya zaci maigida ne ya sa shi. Ni kuma a makon hidima ta riƙe ni a gari kwana huɗu ban leƙa ba.

Ranar Laraba da hantsi ina kasuwar kayan gwari ta Abu Hamour ina cinikin tumatir, wayar maigida ta shigo. Yalla, wato maza, in zo in ɗauke shi yanzu. Tun daga gida har zango, tafiyar fiye da awa guda, bai ce mini uffan ba, mutumin da ko a jar wuta muka tsaya sai ya ba ni labari.

Muna shan kwana na hango motar jami'an da ke zagayen duba zanguna. Sannan na hango su. Turaku huɗu na siminti, kowanne ya kai gwiwa, a kusurwa huɗu na wurin da na nuna da hannu. Kai, aikin ya yi kyau! A miƙe suke cak, gefensu sumul, igiyar awo na ɗaure daga wannan zuwa wancan. Daga baya na ji cewa rairayin wurin bai yi masa ba, ya ce ya cika laushi, don haka da ƙafarsa ya riƙa zuwa bakin hanya yana tsinto tsakuwa a bokiti.

Baba na tsaye cikin farar rigarsa, ya shimfiɗa wa jami'an darduma, ya dafa musu shayi. Da ya gan ni fuskarsa ta washe. Ya ce ga masu awon fili sun zo, tun ɗazu yake nuna musu turakun amma ba sa jin Hausa, in yi musu bayani su sa a takarda.

Jami'an ba su ɗaga murya ba. Suka ce wa maigida an hana zuba siminti a wurin zango, shi ma ya sani, izinin kuma da sunansa yake, don haka shi za a rubuta, za a iya ma tashinsa tun lokaci bai yi ba. Maigida ya saurara har suka gama. Mutum ne da bai taɓa shiga bakin hukuma ba, ga shi an tsayar da shi a rana da furfurarsa. Ya juyo gare ni ya ce in tambayi mahaifina wa ya ce masa ya yi wannan.

Baba na kallon bakina. Ya ce, "Me suka ce? Awon ne bai yi ba?"

Na duba hagu na duba dama, babu inda zan ɓuya, fili ne fetal har teku. Ramin ƙarya ƙurarre ne, na iso ƙarshen nawa.

"Baba, filin ba nawa ba ne. Ba na Alhaji ba ne ma, aro hukuma ta ba shi. Karaban ɗin kaɗai na saya. Nan da wata biyu za a kwashe komai."

Bai ce ƙarya nake ba, bai ce in maimaita ba. Ya dubi turakun ɗaya bayan ɗaya, ya dubi shayin da ya zuba wa mutane, ya dube ni. Na so ƙasa ta tsage in shige. Na jira mari, wallahi da ya mare ni da na ji sanyi. Sai ya gyara wuyan rigarsa ya fuskanci maigida.

"Gaya wa Alhaji laifina ne. Ka ce ka hana ni, ban ji ba. Ka ce tsufa ne."

Mutumin nan tun tasowata ban taɓa jin ya yi ƙarya ba. Ya sha rasa aiki saboda ya ƙi cewa siminti buhu goma ya shiga inda takwas suka shiga. Ya san takardar zamana a hannun Balaraben nan take, ya san da albashina ake cin tuwo a gidanmu, ya auna duk wannan a tsaye. Ni kuma, Allah ya gani, dama ta zo mini a karo na biyu in ce a'a, ni ne. Na buɗe baki na fassara maganarsa kamar yadda ya faɗa, ban rage ko harafi ba. Wannan ne abin da ya fi komai ci mini rai har yau, ya fi ƙaryar farko.

Maigida ya yi ajiyar zuciya. Ya matsa ya kama kan Baba ya sumbata, yadda suke yi wa manyansu, ya ce halas, wato shi ke nan, dattijo ba ya laifi. Ya roƙi jami'an su ba mu zuwa la'asar, suka ce in sun dawo ba su ga ko ɓurɓushi ba magana ta mutu. Yana tafiya ya dafa kafaɗata ya ce in riƙa haƙuri da mahaifina, haka tsofaffi suke, wata rana ni ma zan kai. Na ce to.

Mai gadi ya kawo guduma. Na miƙa hannu, Baba ya riga ni ɗauka. Ya tuɓe farar rigar ya ninke ya ɗora a kan tanki, ya kwance igiyarsa ya naɗe ta a gwiwar hannu, sannan ya fara. Turakun suka ƙi fasuwa, don ba aikin wasa ya yi musu ba, kowanne da rodi a ciki da gindi mai zurfi. Yana duka yana haki, ni ina biye da buhu ina tsince ɓaraguzai. Sau biyu ina cewa Baba kawo in karɓa, ko kallona bai yi ba. Ya fasa na ɗaya, ya fasa na biyu, a na uku sai da ya durƙusa ya dafa ƙasa kafin ya iya miƙewa.

Da muka zo na huɗu, wanda ke fuskantar alƙibla, sai ya tsaya. Na leƙa. A samansa, tun simintin na ɗanye, ya sa ƙusa ya rubuta sunana da ajami, a ƙasa kuma sunan ɗana na fari. Ya miƙo mini gudumar.

"Wannan kai za ka fasa. Shekara arba'in ina kafa wa mutane. Wannan ne na ɗauka namu ne."

Na fasa. Duka bakwai na yi masa, ina ji ina gani. Muka cike ramukan, muka tace rairayin da yatsu, muka share da tsintsiya. Da jami'an suka dawo suka zagaya, suka ce madalla, kamar ba a taɓa yin komai a wurin ba.

Saura mako biyar a takardarsa, amma da muka idar da magariba ya ce in duba masa jirgi, an bar Inna ita kaɗai. Kwana ukun da ya ƙara bai sake binne ƙafarsa a rairayi ba. Yana gaishe ni, yana cin abin da na dafa, yana ce mini sannu da aiki. Na ba shi haƙuri a hanyar filin jirgi, ya ce ya wuce, in kula da tuƙi.

Da ya koma bai gaya wa kowa ba, har Inna. Ƙanwata ce kaɗai ta sani, ita ma ni na faɗa mata. Ta ce in an tambaye shi filin a majalisar ƙofar masallaci, sai ya ce wuri ne mai kyau, akwai ɗumi, ya kawo wani zancen. Har yanzu akwai masu ce mini mai filin teku in mun yi waya, kuma na san duk ranar da aka faɗi haka a gabansa, shi ke sunkuyar da kai a madadina.

Bana ma an fita zango. Na ja karaban ɗin na kafa a bayan tanki, maigida da kansa ya tambaye ni ina dattijo, ya ce in yana so a sake yi masa takarda. Na kira Baba na gaya masa, na ce wannan karon ba wata magana, baƙunta ce kawai, ya zo gwiwarsa ta huta. Yana zaune a zaure, na hango bargo biyu a ƙafafunsa da kaskon garwashi a gabansa. A safiyar ranar ƙanwata ta rubuto mini cewa kwanansa tara bai iya takawa masallaci ba.

Ya ce in yi wa Alhaji godiya ƙwarai. Ya ce amma in bar shi, bana sanyin Jos da sauƙi.